Ganye a Cikin Dutse

Kwana arba'in da rufe Baba Arzika
muka fasa kwaɗon akwatinsa a zaure, nan Bilbis.
Ba zinariya, ba takardar fili.
Hular ƙarfe ce mai tsaga a ƙeya,
da takalman da suka ci ƙasar arewa har suka ƙoshi,
da usur, da katin aiki
mai hoton wani saurayi da ban taɓa sani ba,
sai wani dunƙule naɗe cikin tsohon rawani,
baƙi ƙirin, mai sanyin gindin randa.

Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya leƙo da sikelinsa,
ya juya hular, ya taɓe baki:
"Dala ashirin, don darajar mamaci."
Na ce masa ajiye.
Shekara ashirin da shida ta yi bisa kan mutum,
sikelinka bai san wannan awo ba.

Baba bai cika magana ba, tari ke yi masa.
In dare ya raba, tarin ya lafa,
sai ya kira su ɗaya-ɗaya kamar mai ƙirga awaki:
Agali mai tuƙa babbar mota,
Nomau da injin ya ci wa yatsu biyu,
Cindo da ke dafa shayi da abin da suka haƙo.
"Wuta muka tono daga ƙasa, ɗiyata," in ji shi,
"ƙasa kuwa ba ta ba da kyauta, rance take bayarwa."

Na share zauren, na shafe shi da farar ƙasa,
na kafa katako uku a bango.
Tawa ba a ɓoye mata magana.
Kafin kasuwar Lahadi
matar Nomau ta iso da safar hannu guda,
yatsu biyu a ɗinke da baƙin zare.
Ta ajiye, ba ta zauna ba.
Wani ya kawo butar Cindo.
Wani ya kawo takardun albashi da gara ta fara karantawa.

Sai ga yaro daga ofishin magajin gari,
da littafi, da biro, da takalmi mai ƙyalli,
bakinsa cike da yawon buɗe ido da bunƙasar arziki.
Na ce madalla, kawo baƙin.
Ga Tsahara can ta riga ka,
ta kafa tiren cukunta a bakin ƙofa,
ga ɗan kabu-kabu ya koyi kwanar gidanmu.
Kowa ya samu na cefane, ban hana ba.
Amma in za ka rubuta allo,
rubuta har da tarin.
Kar ka wanke musu fuska don hoto ya yi kyau.

Ya daɗe yana kallon safar.
Bai rubuta komai ba ranar nan.

Jiya 'yan lakkol suka zo, su talatin da wani abu,
da hayaniya kamar jan baki a rumbu.
Na warware rawanin, na raba dunƙulen a tsagarsa:
ga sawun ganye kwance a ciki,
da jijiyoyinsa, siriri, bai karye ba.
Wata 'yar ƙarama mai giɓi ta ce,
"Inna, wa ya sa shi ciki?"
Na ce daji ne ya kwanta barci tun ba mu,
kakanninku suka je suka tashe shi.

Ta shafa, ta dubi tafinta ya yi baƙi.
Malaminsu ya miƙo mata ruwa a buta.
Ta maƙe kafaɗa, ta dunƙule hannun:
sai ta kai gida an gani.