Takardar Likita

Likita ya ce ban da gishiri, ban da mai.
Uwargida ta sa ya rubuta, ta cusa min a aljihu,
ta ce da Barau, "Idonka a kan bakinsa."
Barau ya rantse har da dafa ƙirji.
Muka bar Bauchi da sanyin safiya.

Ko Yalwa ba mu wuce ba rantsuwa ta karye.
Wata mata na juya masa a bakin titi,
tanda na tsuwa, ƙuli da yaji a gefe.
Barau ya taka birki, ba wanda ya sa shi.
Na ce uku kawai. Na ci bakwai,
ta takwas na nutsar da ita a miya.

Bayan Bayara gonaki suka buɗe.
Dawa ta sunkuyar da kai kamar yaron da ake wa faɗa,
yara a fadama na korar tsuntsaye da gwangwani.
Can ga duwatsun Dass sun hau kan juna,
ƙato a kan ƙarami, ba siminti, ba tokara.
Barau ya ce, "Mai ginin nan ba ɗan kwangila ba ne."
Har ya kusa taka tunkiya.

Maikano muka tarar a masussuka,
ƙaiƙayi a gemu, ƙaiƙayi a gira.
Shekara tara rabona da shi.
Bai ce sannu ba, ya ce, "Kai, wa ya cinye maka gashi?"
Asabe ta kawo tuwon sabuwar shinkafa,
miyar yakuwa da gyaɗa, man shanu na yawo a sama.
Na miƙa masa takarda don in fita hakki.
Ya riƙe ta a juye, ba tabarau,
ya ce, "An rubuta a ƙara masa man shanu."
Wa zai ƙaryata mai gida a gidansa?
Na wanke hannu, na ajiye kunya.

A Bununu taya ta sace.
Mai faci ya tafi sallah, aka ce mu jira.
Wata Bafulatana ta sauke ƙwarya,
kindirmo mai kauri, ludayi na tsayawa a ciki.
Awa guda muka yi, ban ji haushin ƙusa ba,
ina kwance a inuwar tsamiya.

La'asar sakaliya muka shiga Bogoro.
Bitrus na zaune a ƙofa, yana ta rufe masa ido.
Na yi shiru in gwada shi, sai tari ya tona ni.
Ya ce, "Wannan tarin na sani tun aji biyu.
Shi ya hana mu barci a ɗakin kwana."
Ya lalubo fuskata da tafin hannu,
kunne, hanci, har wuya.

Rifkatu ta zubo gwaten acha,
da gauta da kabewa, tururi na tashi.
Muna ci muna ƙirga 'yan ajinmu.
Sha biyu muke a ɗakin nan.
Ya lanƙwasa yatsu: Shekarau, Iliya, Gambo Dogo...
Da ya kai na takwas ya daina.
Cokali kawai ake ji.
Can ya ce, "Ƙara, tun da sauran wuta."
Na ƙara. Bai sauka a ciki ba, ya tsaya a zuciya.

Mun dawo da dare, mota na nishi:
buhun shinkafa, acha mudu biyar, kabewa biyu,
da kaza a but tana zagin kowane rami.

Uwargida na tsaye da fitila.
Ta ce, "Ina takardar?"
Na ciro ta. A ciki na ƙunshe sauran masar Yalwa.
Ta ɗaga ta, ta sha mai har haske na ratsa ta.
Ta dube ni, ta dubi Barau.
Barau ya ce shi dai
tun safe idonsa na kan hanya.