Kwana Goma Sha Huɗu

Laraba, da la'asar irin ta Bradford
wadda ba ta da maraba da magariba,
na kashe hita, na kulle ofis,
na haura bene na uku a tsohuwar masaƙar ulu
da aka mayar ɗakin taro.
Mu talatin da ɗaya, lauyoyi,
kowa da shayinsa a kofin takarda, kowa da furfurarsa,
an jera mu a kujerun roba kamar 'yan aji ɗaya.

Malamar yarinya ce, Rhiannon.
Ranar da na fara tsayawa gaban alƙali
ina jin ko rarrafe ba ta fara ba.
Ta kunna majigi ta ce:
"Abin da kuka sani bara,
ku jingine shi bakin ƙofa tare da lemarku."

Mista Ollerenshaw na gefena ya ja tsaki.
Shekara arba'in yana cin tuwo da wannan aiki,
sa hannu a takardar halarta kawai ya kawo shi.
Da yana jin Hausa da ya ce mini
ba a koya wa tsohon kada ruwa.
Da na ce masa: haka ne,
amma kogin ya sake hanya muna barci.

Ni ban yi tsaki ba, ina da dalili.
Sunansa Tesfalem, direban bas,
ya zo da wasiƙa a naɗe cikin ledar burodi,
'ya'yansa biyu na jiran sa a Kampala.
Na karanta a tsaye, na ce ya kwantar da hankali,
kwana ashirin da takwas gare mu mu ɗaukaka ƙara.
Bakin da ya faɗi haka sau dubu ne ya faɗa,
bai tsaya tambayar ido ba.

Ashe an rage wa'adin tuni.
Sanarwar na cikin mujallar lauyoyi,
mujallar na kan teburina cikin ledarta,
wata uku ina ɗora mata kofi
don kada katako ya yi tabo.

Ran kwana na ashirin ya dawo
da kuɗin da ya tara a aikin dare.
Na yi bayani, harshena kamar an jiƙa shi a kanwa.
Bai zage ni ba. Ina ma ya zaga.
Ya ninke wasiƙarsa gida huɗu,
ya ce, "Na gode, Madam Lantana,"
ya ja mini ƙofa a hankali
kamar ni ce mara lafiyar.

Babana tela ne a Funtuwa.
Ko mutum ya shekara ashirin yana kawo masa ɗinki,
sai ya sake zare tef daga wuya ya auna shi.
In an ce, "Haba Malam Tanimu, ai ka san awona,"
sai ya ce awon bara ba ya ɗinka rigar bana,
jiki ba ya sallama in zai canja.
Na haye teku da digiri biyu
na baro wannan a ƙarƙashin kekensa.

Shi ya sa a shafi na sha tara na ɗaga hannu.
Na ce, "Maimaita, ban gane ba."
Ɗakin ya yi tsit. Ta maimaita.
Na ce, "Ƙara." Ta ƙara, ba ta yi murmushi ba,
Allah ya yi mata albarka.
Can sai na ji an taɓa mini gwiwar hannu:
Ollerenshaw ne, yana neman aron biro.

Ƙarfe takwas muka fito, ana yayyafi.
Na shiga bas, na dubi fuskar direba
kamar yadda nake yi kullum yanzu.
Ba shi ba ne.
Na zauna a baya, na ciro mujallar wannan wata,
hannuna ya ƙage don sanyi,
sai na yage ledar da haƙori.