Tsawon Hannun Bawuro

Da asuba suka kawo shi, Garwa na barci,
Binuwai ko tari bai yi ba.
Bawuro, maigadin rumbun auduga,
a bayan motar jandarma. Takalmi ɗaya bai zo ba.

Takarda ta riga gawa shigowa:
"Bashi ya ishe shi, ya kashe kansa.
Ya tuɓe takalmi, ya taka kunama da yatsa."
Ga doguwar bindigar toka an jingine,
wai ita kaɗai ce shaidarsa.

Na wanke hannu. Ba na fara tambayar masu rai,
su suna da abin da za su rasa.

Na jawo fitila, na sunkuya kan haƙarƙarin hagu.
Wanda ya manna wa jikinsa bakin bindiga,
albarushi kan ranɓaɗa masa kwalli,
gashi ya babbake, riga ta yi ƙauri.
Nan babu.
Rigar warin goro take yi, da hayaƙin shayi.
Harsasai sun watsu kamar tsabar kaji,
sha ɗaya na ƙirga, faɗin taƙi biyu.
Ba sa rabuwa haka sai sun yi tafiya.

Na ɗauko zaren awo.
Daga baki zuwa kunama, kamu biyu da rabi.
Daga kafaɗarsa zuwa manuni,
ko ya yi miƙar tashi daga barci, bai kai ba.
To, ƙafar fa?
Yatsan lafiya lau. Diddigen ne ya kurje,
jar ƙasa cike da ciwon, layi ɗaya, ba jini.
Ja aka yi, bayan zuciya ta ajiye aiki.
Rub da ciki aka tsince shi,
jini kuwa a gadon baya ya kwanta.
Gawa ba ta juyi.

A baranda 'yarsa Astajam
ta rungume likkafani tun hantsi.
Mutanen Yelwa sun tsaya nesa-nesa,
kowa na kallon ƙafar ɗan'uwansa.
Ta ce, "Likita, mu kira jama'a,
ko mu kai shi a ɓoye?"

Kashe kai, kisan kai:
a baki Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.
A kan teburina, taku shida ne tsakaninsu,
kuma akwai mutum tsaye a ƙarshen takun.
Ban san sunansa ba.
Inda ya tsaya kawai na auna.

Na rubuta, na buga hatimi.
Kaftin ya karanta sau biyu, ya ja tsaki,
ya ce na ƙara masa aiki.
Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni ba ne,
hannun mamacin ne ya gaza."

Na leƙa baranda: "Kira jama'a."
Sannan na juyo gare shi:
"A koma rumbun. A nemo takalmin."