Ba Ni Da Shi

Ƙarfe biyun dare a Samaru, an ɗauke wuta,
cajin kwamfuta saura kashi goma sha tara,
ni da layuka dubu uku muna kallon-kallo.

Abin da nake rubutawa, direba ake ce masa.
Ba ya cin goro, ba ya sa hula.
Can ƙasa yake zaune, a tsakar zuciyar na'ura,
inda tuntuɓe ɗaya ke kifar da gida duka.
Tafinta ne: manhaja ta yi magana daga sama,
shi ya sauka ya gaya wa ƙarfe da harshen ƙarfe.

Ubana ma direba ne, Barau mai gingimari,
Kwangila zuwa Funtuwa, shekara ashirin da shida.
Kafin ya ja mota sai ya taka birki sau uku,
ya kasa kunne kamar mai jiran a amsa sallama.

Ni ban kasa kunne ba.

Allon farko da muka gwada yana da ma'aunin danshi.
Na biyun, wanda Ashiru ya samo da araha a Sabon Gari,
kamarsu ɗaya, lamba ɗaya a goshi,
amma gurbin ma'aunin wayam, ko dalma ba a ɗiga ba.
Aka tambayi direbana, danshi nawa?
Ya zura hannu a ɗakin da ba a gina ba,
ya damƙo abin da ya tarar,
ya ce sittin, lafiya lau.

Kwana ashirin da ɗaya yana cewa lafiya lau.
Ƙwai ɗari uku na Inna Ladidi ta Hayin Dogo,
kwasar adashinta cif,
ta buɗe injin ƙyanƙyasa da bisimilla.
Goma sha ɗaya suka fito.
Sauran sun bushe cikin ɓawo, baki dab da ƙofa.
Ba ta zage ni ba. Ina ma ta zaga.
Ta ce, "Ɗan nan, da ya ce bai sani ba,
ai da na ajiye kwanon ruwa yadda muka saba."

Shi ne nake zaune a duhu ina ba shi tarbiyya.

In ka shiga, ka gaida ƙarfe tukuna,
ka tambaye shi me da me yake iyawa.
Kada suna ya ruɗe ka, 'yan gida ɗaya ma hali ya bambanta.
Ƙofar da bai nuna maka ba, kada ka ƙwanƙwasa,
ba kowane rami ne na gafiya ba.
Kada ka cike gurbin babu da sifili,
sifili ma magana ce, wani zai gaskata.
Ka ce ba ni da shi. Da ƙarfi. Su ji a sama.
Makullin da ka ara ka mayar,
wurin da ka kama ka saki,
ka bar layi ɗaya a littafin ajiya, sau ɗaya ya isa.
Kuma kada ka tara wa gari jama'a don kunne guda ya toshe:
zafi na aunuwa, auna shi,
fanka na juyawa, bar ta ta juya.

Layi huɗu ne gyaran gaba ɗaya.
Huɗu. Na ƙirga su, na sake ƙirgawa.

Na tuna ranar da Baba ya sauke buhu arba'in a Giwa,
mai kaya na kumfar baki, yana kiransa matsoraci.
Ya ce, "Motata ba ta ɗaukar wannan," ya goge hannu da tsumma.
Na ji kunya a ranar. Ina ɗan shekara tara.

An kira assalatu ta wajen kasuwa.
Caji saura huɗu. Na jona allon arahar,
na tambaye shi danshi.
Ya ce, ba ni da shi.

Anjima zan hau acaɓa zuwa Hayin Dogo,
allo a aljihu, kwanon sha a leda,
da ƙwai casa'in, iya abin da albashi ya kai.
Sauran sai ƙarshen wata.