Baƙin Mai Ya Bar Farcena

Shekara ashirin da ɗaya
ina kwance injin ban-ruwa a bakin kasuwar Auyo.
Daga tarinsa nake gane ciwonsa:
wannan fulogi ne, wancan ringi ya cinye,
wancan kuwa mai shi ne ya ɗura masa gaurayen 'yan bumburutu.

Bana Alhaji Barau ya kafa farantan sola a fadamarsa,
goma sha biyu, sun baje suna shan hantsi
kamar ƙadangaru a kan katanga.
Ba hayaƙi, ba ƙara.
Ruwa ne kawai ke bin fangalin albasa
har la'asar sakaliya.
Na je na tsaya, na kasa kunne.
Kurciya kaɗai na ji.

Da dare rediyo ta ce
a wata ƙasa mai sanyi an rufe ramin kwal na ƙarshe,
an kashe tashar nukiliya,
mahaƙa sun fito da fitila a goshi suna share ido.
Tabawa tana fifita gawayi a kurfoti,
ta ce, su ma?
Na ce, su ma.
Ta ce, ai su da sallama za su tafi gida. Kai fa?
Na ce miyar ta yi gishiri.

Ba na gaba da rana.
Ita ke busar mana da barkono tun kafin a haife ni.
Na kuma san abin da lita ke ci a aljihun manomi:
Ilu ya sayar da akuya biyu ya shayar da tumatir,
tumatirin ya faɗi a kasuwa.
Amma waɗanda suka zauna a ɗaki mai sanyi
suka yanke wa hayaƙi ranar mutuwa,
ko akwai layi ɗaya a takardarsu
da ya tuna da sifana mai lamba goma?

Jiya Nafi'u ya dawo daga Dutse
da 'yar na'ura mai waya ja da baƙa.
Ya ce, Baba, riƙe nan, kar ka taɓa can.
Ni da na koya masa riƙon filaya.
Na riƙe.
Allura ta motsa.

Da na zauna alwalar magariba na dubi hannuna.
Baƙin mai ya bar farcena,
tas, kamar na malamin asibiti.
Na daɗe ina juya shi
har aka tayar da iƙama.