Telan Madugu

Ni ban san kiɗa ba, awo na sani.
Tanimu ɗan Barau mai goge, na nan Fagge,
shekara arba'in ni ke ɗinka masa kwat.

Ran da ya fara shigowa shagona
da ƙaton akwati a baya kamar mai goyo,
na ce, "Gawar wa ka ɗauko?"
Ya yi dariya, ya buɗe:
goge ne da ya ci ya ƙoshi,
ga ƙugu, ga dogon wuya, tsirkiya huɗu,
ƙafa ɗaya ta ƙarfe.
Wai sunansa celo.
Wani tsohon malami a Sabon Gari ya bar masa,
bayan shekara uku yana masa shara yana satar ji.

Ya zauna a bencina, ya sa shi tsakanin gwiwoyi,
ya ja izga sau ɗaya.
Allurai suka yi rawa cikin gwangwani.
A haƙarƙari na ji abin kafin ya iso kunne,
murya irin ta dattijo
mai ba da haƙuri a gidan rasuwa.

Barau bai so ba.
Ya ce gogen da ba ya kiran sunan kowa,
wa zai yi masa liƙi?
Tanimu bai tanka ba. Ni ya duba:
"Ila, sakar min hammatar dama,
hannun nan tafiya yake."
Na ƙara inci biyu.

Sai Ikko. Sai jirgi.
Sai wasiƙu masu kan sarkin ƙasashen da ban iya faɗa ba,
kowace da awo a ƙasa:
kafaɗa ta buɗe, tumbi ya ɗan leƙo.
Wata shekara ya rubuto:
"Yanzu a tsaye nake.
Sun ba ni ɗan sanda, bai fi tsinken tsire ba,
makaɗa sittin suna kallon hannuna.
Ka kula da bayan kwat ɗin,
jama'a bayana kaɗai suke gani."

Na daɗe ina taka keke ina juya maganar.
A garinmu mai juya wa taro baya marar kunya ne,
can kuwa sai ya juya ake yin tsit.
Ɗinkin tsakiya na bi shi sau uku,
kada ya ɗaga hannu ya tona mana asiri.

Ya dawo da furfura,
da kunnen hagu da ya riga shi yin ritaya.
Zafin bazara ya tsaga cikin celon,
Magaji kafinta ya ɗaure shi da gam da addu'a.
Ya tara tsofaffin 'yan badujala shida,
da yaran makaranta takwas,
kullum Asabar a wani aji a Gwammaja.

Sau ɗaya na je kallo.
Ana tsaka da abin aka ɗauke wuta.
Na ce shi ke nan.
Ba wanda ya tsaya.
A duhun nan farin bakin hannun rigarsa suke bi,
yana hawa, yana sauka,
wanda na kafa da hannuna ranar wata Laraba.
Ban faɗa wa kowa ba,
amma daren nan har da ni aka yi kiɗan.

Yanzu hannunsa rawa yake, ba da izininsa ba.
Shekaranjiya ya zo da kwat ɗin a leda,
Lantana na biye da shi, goye da akwatin.
Ya ce, "Rage mata."
Na farke shafin, ƙanshin ƙaron izga ya taso,
ga tsohon tikitin jirgin ƙasa a aljihu.
Na ɗauko tef daga wuyana,
na ce, "Yarinya, juya min baya.
Ɗaga hannu.
Ƙara ɗagawa."