Igiya Biyu da Turke

Yau a aji, fanka ta tsaya tun hantsi.
Malam Jelani ya ja layi biyu a allo,
ɗaya ya nufi taga, ɗaya ya nufi silin,
ya ce duk saƙon da ya bar eriyar Gawon Nama,
duk kaɗawarsa, duk lanƙwasarsa cikin iska,
ana iya mayar da shi ɗigo ɗaya tak
a tsakanin waɗannan biyun.

Aji ya yi tsit. Ni kuwa na san layukan nan.

Babana magini ne.
Ina 'yar shekara tara nake riƙe masa bakin igiya
a filin wani mai sayar da albasa a Dundaye.
Ya kafa turke, ya auna uku nan, huɗu can,
in tsakani ya ba da biyar sai ya ce,
"Tumba, kwana ta tashi. Kak ki motsa."
Igiyar gabas ba ta san halin da ta arewa take ciki ba,
kuma a kan rashin sanin nan ɗaki yake tsayuwa.

Haka Malam ya faɗa da nasa harshen:
kaɗawa biyu, gudunsu ɗaya,
sai dai ɗayar ta makara da rubu'in zagaye.
Ka ninka wannan da waccan, ka tara daga fari har ƙarshe,
sifili za ka tarar.
Ka ninka kowace da kanta, ɗaya cif,
kamar mudun da aka shafe bakinsa da tafin hannu.
Daga nan tambaya biyu kawai ake yi wa saƙo:
nawa gare ka a nan, nawa gare ka a can?

Ɗigo huɗu ya ɗiga, kowane a lungunsa,
sannan ya bi su da alli yana yi musu ƙuraje.
Ya ce wannan hayaniyar hanya ce:
zafin waya, tsawa daga wajen Kware, injin niƙan maƙwabta.
Saƙo ba ya sauka daidai inda aka aike shi,
kusa yake faɗuwa, kamar iri daga hannun mai shuka.
Mai karɓa sai ya duba wa ya fi kusa, ya ce kai ne.
In ɗigogin sun cunkushe, zai kama wanda ba shi ba.
In za a ware su sai an ƙara ƙarfi,
batir kuwa ba kyauta ake ba da shi ba.

A motar dawowa, kan gadar Kwalkwalawa,
Inna Kulu ta kira, murya na yankewa:
"...ci abinci... ƙafar nan... jibi in Allah..."
Na cike sauran da kaina, ban kuskure ba,
don kalmominta ba su da yawa
kuma nesa suke da juna.

Shafi na gaba ne ya hana ni barci,
yadda ake samo igiyoyin in ba a ba ka su ba.
Ka ɗauki saƙo na fari, ka daidaita shi ya zama kamu ɗaya.
Ka ɗauki na biyu, ka duba inuwar da ya yi a kan na fari,
ka cire ta.
Abin da ya rage, komai ƙanƙantarsa, shi ne sabo.
In babu abin da ya rage, dama maimaici ne.

Na ajiye biro.
Shekara shida ke nan da aka fita da shi
ta ƙofar da shi da kansa ya ɗora.
Yadda nake ƙanƙance ido in auna abu, nasa ne.
Taurin kai, nasa. Cizon fensir ma nasa.
Na yi ta cirewa a bayan takardar tambayoyin bara
har fitilar caji ta fara dushewa,
ina tsoron in ga sifili.

Ban ga sifili ba.
Wani ɗan guntu ya saura, bai kai farce ba,
ya nufi wajen da Baba bai taɓa ja igiya ba.
Ban san sunansa ba tukuna.
Jarrabawa ranar Laraba ce, ƙarfe takwas.